Rangadin Yankin Zinariyar Klondike: Abin da Kuɗin Baƙo ke Saya Masa

Akwai kamfanonin yawon buɗe ido da dama a birnin Whitehorse, hedkwatar yankin Yukon da ke arewa maso yammacin Kanada, waɗanda sana'arsu ita ce ɗaukar baƙo su bi da shi sawun mutanen da suka yi rububin zinariya a ƙarshen ƙarni na 19, tun daga gaɓar teku a garin Skagway na jihar Alaska har zuwa garin Dawson, inda kogin Klondike ya haɗu da kogin Yukon. Na shiga rangadin ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni a watan Yuni tare da yayana da ke zaune a Vancouver, kuma tun da na dawo Zariya abokan aiki a Samaru da 'yan'uwa a cikin birni suke maimaita mini tambaya guda, wato ko tafiyar ta ci kuɗinta. Amsata ita ce ta ci, domin ban san wata hanya da ta fi wannan nuna wa mutum yadda rububin ma'adini ke juya al'umma ba. Sai dai kamfanin ya fi ba da ƙarfi ga abin da ke burge baƙo, ya taƙaita abin da ya fi cancanta a tsaya a kai, sannan akwai abubuwan da ɗan Nijeriya, musamman Musulmi, zai shirya wa kansa domin babu wanda zai shirya masa su.

Kuɗin da ake biya ya ƙunshi ƙaramar bas, da direba wanda shi ne kuma ɗan jagora, da ɗakin otal a kowane zango, da karin kumallo, da tikitin jirgin ƙasa, da kuɗin shiga wuraren tarihi. Bai ƙunshi kuɗin jirgin sama daga Vancouver zuwa Whitehorse ba, tafiyar da ke cin kimanin sa'a biyu da rabi, haka nan abincin rana da na dare da tukuicin ɗan jagora duk daga aljihun baƙo suke fita. Tukuici a can al'ada ta mai da shi kusan wajibi, don haka gara mutum ya sa shi cikin lissafi tun daga gida. Farashin yana da tsada ko ga mazauna Kanada, balle ga wanda zai canza naira, amma duk wanda ya lissafa kuɗin hayar mota da mai da masauki a yankin da tsakanin gari da gari ake cin ɗaruruwan kilomita zai ga cewa ribar kamfanin ba ta wuce kima ba.

Inda na fara ganin gazawar kamfanin shi ne batun biza. Skagway tana cikin Amurka, sauran zangunan kuwa suna cikin Kanada, saboda haka mai fasfo ɗin Nijeriya yana buƙatar bizar ƙasashen biyu. Takardar tallan kamfanin ba ta ce komai ba illa a zo da fasfo, domin waɗanda ba sa buƙatar biza aka rubuta wa ita. Mu mun shirya da wuri saboda yayana ya san ƙasar, amma wasu mata da miji daga nahiyar Asiya sai a ƙauyen Carcross aka bar su, suka rasa Skagway da jirgin ƙasa gaba ɗaya. Layi ɗaya a takardar talla da ya hana wannan asara, kuma kamfanin da ke karɓar kuɗin baƙi daga ko'ina cikin duniya ba shi da uzurin barinsa.

Ɗan jagoranmu dattijo ne da ya yi shekaru yana aikin haƙar zinariya kafin ya koma tuƙin baƙi, kuma shi ne mafi daraja a cikin duk abin da muka biya wa kuɗi. Bai fara labarin daga Dawson ba, ya fara shi ne daga Carcross, ƙauyen da aka binne 'yan asalin ƙasar da ke cikin waɗanda suka gano zinariyar. A ranar 16 ga Agusta 1896 ne Skookum Jim, ɗan ƙabilar Tagish, tare da ɗan'uwansa Dawson Charlie da mijin 'yar'uwarsa Kate, wani Ba'amurke mai suna George Carmack, suka ga zinariya a wani ƙaramin rafi da ake kira Rabbit Creek, wanda aka sake wa suna Bonanza. An yi rajistar filin farko da sunan Carmack saboda ana ganin hukuma ba za ta amince ɗan asalin ƙasa ne ya yi ganowar ba, kuma haka sunansa ya danne na sauran shekaru masu yawa. Labarin bai isa kudu ba sai bayan kusan shekara guda, lokacin da jiragen ruwa biyu, Excelsior da Portland, suka isa San Francisco da Seattle a Yulin 1897 ɗauke da mahaƙa da zinariyarsu. Amurka tana fama da karayar tattalin arziki tun 1893, don haka mutane kimanin 100,000 suka bar ayyukansu da iyalansu suka kama hanya. Tsakanin 30,000 da 40,000 ne suka isa, kimanin 4,000 suka samu zinariya, waɗanda suka yi arziki na gaske kuwa 'yan ɗaruruwa ne. Dattijon ya faɗi waɗannan alkaluma tun ranar farko, ya roƙe mu mu riƙe su a duk inda muka tsaya, kuma riƙe sun ya sauya yadda na kalli kowane wuri.

Skagway gari ne na mutum kimanin 1,200 wanda manyan jiragen ruwa na masu shaƙatawa ke juye wa dubban baƙi a kowace rana ta lokacin zafi. Babban titinsa yana da kyawawan gine-ginen katako na zamanin rububin, waɗanda hukumar kula da wuraren tarihi ta Amurka ta gyara wasu daga cikinsu, amma yawancin shagunan na sarƙa ne da zobe da riguna masu tambari. Kamfanin ya ba mu dogon lokaci a wannan titi fiye da yadda yake buƙata. Ga waɗanda za su so saye, musamman mata, ya kamata a sani cewa ɗanyar zinariyar rafi ba tsantsa ba ce, akwai azurfa gauraye da ita, kuma a waɗannan shaguna ana sayar da ita ne a kan tarihinta da siffarta, ba a kan nauyinta kaɗai ba, saboda haka ba wurin sayen zinariyar ajiya ba ne. An ba mu labarin Soapy Smith, ɗan damfarar da ya riƙe garin har aka harbe shi a ranar 8 ga Yuli 1898, wanda ya buɗe ofishin aika saƙon waya yana karɓar dala 5 alhali babu wata waya da ta iso garin. Labarin yana da daɗin ji, amma abin da ya tsaya mini a rai yana cikin ɗakin baje kolin hukumar, inda aka tara samfurin kayan da kowane matafiyi ya ɗauka.

Hukumomin Kanada sun ji tsoron yunwa a arewa, don haka 'yan sandansu suka tsare kan iyaka, suka ce babu mai wucewa sai da abincin shekara guda. Idan aka haɗa garin alkama da wake da sukari da sauran abinci da tanti da murhu da gatari da zarto da kayan sanyi, nauyin yakan kai kusan tan ɗaya. Wanda ya bi hanyar Chilkoot, mai tsawon kilomita 53 daga Dyea, kusa da Skagway, zuwa tafkin Bennett, a bayansa yake ɗaukar kayan nan kaɗan-kaɗan, ya kai gaba ya ajiye ya dawo ya ɗauki wani, har sau 30 zuwa 40, kuma a hawan ƙarshe akwai matakala kimanin 1,500 da aka sassaƙa a jikin ƙanƙara. Mai kuɗi yakan ɗauki 'yan dako daga ƙabilar Tlingit, waɗanda tun kafin zuwan Turawa su ke riƙe da wannan hanya ta fatauci. A ranar 3 ga Afrilu 1898 dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne mutum fiye da 60 a hanyar. Muna tsaye gaban tarin buhunan nan na ce wa yayana, "Yaya, ashe yawancin mutanen nan dako suka zo yi, ba haƙa ba." Ya ce, "Haka ne, kuma da yawansu da suka isa sun tarar an riga an rabe filayen tun kafin su baro gida." Gaskiya ya faɗa, domin mahaƙan da ke kusa sun kama filaye masu kyau tun a ƙarshen 1896.

Jirgin ƙasa na White Pass, wato ɗaya mashigin tsaunin da ake bi daga Skagway, shi ne abin da ya fi kowane ɓangare na rangadin cika alkawari. An fara gina layin a Mayun 1898, aka buga ƙusar ƙarshe a Carcross ranar 29 ga Yuli 1900, tsawonsa kilomita 177 daga Skagway zuwa Whitehorse, faɗin dogon kuma ƙafa uku kacal domin ya iya karya kwana a jikin dutse. Cikin kilomita 32 na farko jirgin yana tashi daga gaɓar teku ya hau sama da mita 870. Taragun na tsohon yayi ne, masu manyan tagogi da murhun ɗumama ɗaki, kuma an yarda fasinja ya fita ya tsaya a ɗan dandalin da ke tsakanin tarago da tarago. Wanda ya tashi daga Skagway ya nemi kujerar hagu, domin ta nan kwarin yake. Na tsaya a dandalin nan iska mai sanyi tana dukan fuskata, ina kallon ƙafafun jirgin suna tafiya dab da bakin rami, ruwan narkakkiyar ƙanƙara yana zubowa daga duwatsu ta ƙarƙashin dogo. Mai bayani a cikin jirgin ta nuna mana wani baƙin gicciye a kan ƙaton dutse wanda ya danne ma'aikata biyu a 1898 aka kasa ɗaga shi, ya zama kabarinsu. Kusa da ƙololuwa kuma ana iya ganin tsohuwar hanyar ƙafa, siririya, tana maƙale a gefen kwazazzabon da dawakai kimanin 3,000 suka mutu a yankinsa saboda lodin da ya fi ƙarfinsu da yunwa da rashin tausayin masu su. Babu hoton da zai ba mutum abin da ganin faɗin wannan hanya da ido yake bayarwa.

A matsayina na mutumin Zariya ban iya hana kaina tuna namu layin ba. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa siririn dogo mai faɗin ƙafa biyu da rabi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru domin kwaso kuza, ya isa can a 1914, aka rufe shi a 1957, kuma matasanmu da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba. Layin White Pass shi ma ya tsaya a 1982 lokacin da farashin ma'adinai ya faɗi aka rufe mahaƙan da yake yi wa jigila, amma a 1988 aka sake buɗe shi domin masu yawon buɗe ido, kuma yau shi ne jigon tattalin arzikin Skagway. Ba na cewa namu zai iya dawowa, amma ina ganin ya cancanci a tattara tarihinsa a ajiye inda yaranmu za su gani.

Mun sauka a tashar Fraser ta ɓangaren Kanada, jami'an kan iyaka suka duba fasfo, bas ta ɗauke mu zuwa arewa. An tsaya a tafkin Emerald da ɗan filin rairayin Carcross, wurare ne masu kyau na ɗaukar hoto waɗanda ba su da alaƙa da zinariya, kuma tsayawar ba ta ɗauki lokaci ba. A Whitehorse mun ga mashigin Miles, inda kogin Yukon ke matsewa tsakanin baƙaƙen duwatsu. Matafiyan da suka haye tsaunuka sun yi hunturu a bakin tafkin Bennett da tafkunan kusa suna tsaga katako da zarton hannu suna haɗa kwale-kwale, kuma da ƙanƙara ta narke a ƙarshen Mayun 1898 jirage fiye da 7,000 suka taso, da tafiyar kimanin kilomita 800 a gabansu. Mashigin ya kifar da da yawa daga cikinsu, amma madatsar ruwan da aka gina daga baya ta kwantar da igiyar, don haka sai da bayanin ɗan jagora mutum zai gane haɗarin da wurin yake da shi a da. Daga Whitehorse zuwa Dawson kilomita 530 ne da ɗoriya, yini guda cur a mota cikin dajin da ba ya ƙarewa, da 'yan tsayawa a Carmacks da wurin hangen Five Finger, inda tsibiran dutse huɗu suka raba kogin gida biyar. Bas ɗin tana da tsabta, tuƙin dattijon kuma na natsuwa ne, amma tafiyar tana gajiyar da mai shekaru.

Dawson ta fi Skagway gaskiya nesa ba kusa ba. Joseph Ladue ne ya yanka filayen garin a 1896, kuma cikin shekara biyu ya cika da dubban mutane, ya zama hedkwatar Yukon tun daga 1898 har zuwa 1953 da aka mai da ita Whitehorse. Da aka ji labarin zinariya a Nome ta Alaska a 1899 sai jama'a suka fara watsewa, yau kuwa mazaunansa ba su kai 2,000 ba. Yawancin titunan ba su da kwalta, gefensu kuma katako aka shimfiɗa domin masu tafiya a ƙasa. Dalili shi ne ƙasar garin daskararriya ce shekara da shekaru, da zarar gini ya ɗumama ta sai ta narke ta lotsa, shi ya sa ake ɗora gidaje a kan turakun katako domin iska ta ratsa ƙarƙashinsu. An bar wasu tsofaffin gine-gine a karkace, biyu ma sun jingina da juna, domin baƙo ya ga abin da ƙasar ke yi wa wanda bai san halinta ba. Ma'aikatan hukumar wuraren tarihi ta Kanada ne suka zagaya da mu da ƙafa, kuma ba su ɓoye zazzaɓin taifod da cutar rashin ɗanyen abinci da gobarar da suka addabi garin ba. Sun kuma nuna cewa masu otal da masu shago da masu jigila sun fi yawancin mahaƙa cin riba, kamar Belinda Mulrooney da ta yi arzikinta da saye da sayarwa da gina masauki.

Ranar da muka shiga kwarin Bonanza ita ce ta fi ilimantar da ni. Filin da aka fara ganin zinariyar ɗan wuri ne mai shiru a bakin rafin da yaro zai iya tsallakewa. A nan dattijon ya bayyana yadda mahaƙan farko suka yi aiki: su hura wuta a kan daskararriyar ƙasa da dare, da safe su kwashe abin da ya narke, su sake hura wata, har su nutsa zuwa tsakuwar da ke kan dutsen ƙasa inda zinariya take kwanciya, su tara ƙasar duk tsawon hunturu, sai ruwa ya sake gudu sannan su wanke ta su san ko sun samu ko sun yi asara. Gaba kaɗan kuma ga injin haƙa mai lamba 4, wanda aka gina a 1912, ya yi aiki daga 1913 zuwa 1959, kuma shi ne mafi girma a irinsa mai gangar jikin katako a Arewacin Amurka. Tsayinsa ya kai na bene mai hawa takwas. Yana shawagi ne a kan kududdufin da shi da kansa yake tonawa, jerin manyan bokitan ƙarfe suna yago ƙasa ta gaba, wata ƙatuwar ganga mai huji tana juyawa tana tace ta da ruwa, zinariya tana maƙalewa a kan shimfiɗun zaren kwakwa, tsakuwa kuma tana fita ta baya. An shiga da mu ciki, muka hau har ɗakin mai sarrafa shi, inda dogayen sandunan ƙarfe ke jere gaban taga, hannayensu sun yi santsi saboda riƙo. Mutum huɗu kacal ke aiki a cikinsa a lokaci guda, dare da rana, da wutar lantarki. A nan mutum yake gane cewa cikin 'yan shekaru kaɗan arzikin kwarin ya bar hannun mai shebur ya koma hannun manyan kamfanoni, kuma tudun tsakuwar da injunan suka bari suna nan jere kilomita bayan kilomita a hanyar shiga Dawson, yawancinsu tsirara, sai 'yan bishiyoyin da suka fara kamawa.

Wankin zinariya da kasko yana cikin tsarin, kuma na yaba da gaskiyar ɗan jagoranmu a kansa. Ya faɗa mana ƙarara cewa a wurin koyon da kamfanin ya kai mu an riga an zuba 'yan ɓurɓushin zinariya cikin tsakuwar domin kowa ya samu. Bayan mun koya sai ya kai mu fili mai lamba 6 a bakin Bonanza, inda aka yarda kowa ya gwada sa'arsa kyauta. Aikin daidai yake da yadda matanmu ke rege shinkafa a ƙwarya, sai dai a nan abin da ya kwanta a ƙasa shi ake nema, domin zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, ta fi yashi kusan sau bakwai. Na tsuguna a bakin rafin, ruwan yana da sanyin da ke sandarar da yatsu, ina girgiza kaskon ina karkata shi yashi yana zubewa, har ya rage baƙin rairayi kaɗan a gindi. A cikinsa na ga ɗigo biyu masu launin rawaya waɗanda sai an kara ido ake ganinsu, ba sa motsi ko da ruwa ya bi ta kansu. Bayana ya riƙe tun kafin in gama, kuma na ƙara girmama duk mai cin abinci da wannan sana'a.

Ina tsugune a wurin tunanina ya tafi Birnin Gwari da Zamfara. Zinariyar Klondike ta rafi ce, ruwa ya riga ya raba ta da dutse, wanki kawai take buƙata. Ta Zamfara kuwa tana cikin dutsen da ke gauraye da dalma, sai an farfasa an niƙa, kuma da aka shigar da niƙan cikin gidaje ƙurar ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a annobar da ta bayyana a 2010. Abin da na gani a Yukon wanda ya cancanci ɗalibanmu na ilimin ma'adinai su nazarta shi ne tsari: tun a 1896 kowane fili ana auna shi, a kafa masa turaku, a yi masa rajista a ofishin hukuma, kuma har yau ƙananan mahaƙa suna aiki a kwarin da lasisi da sharuɗɗan amfani da ruwa. Tsarin bai hana ɓarna da danniya ba, amma ya sa an san wanda ke haƙa da wanda za a tuhuma.

Babban ƙorafina a kan kamfanin shi ne yadda ya yi da labarin masu ƙasar. Inda Dawson take a yau yankin kamun kifi da farauta ne na al'ummar Tr'ondëk Hwëch'in, kuma sansaninsu na Tr'ochëk yana daidai bakin kogin Klondike. Da baƙi suka mamaye wurin, shugabansu Isaac ya kwashe mutanensa zuwa Moosehide, kimanin kilomita 5 a gangaren kogi, ya kuma damƙa waƙoƙinsu da raye-rayensu amana ga 'yan'uwansu na Alaska domin kada su ɓace. Jikokinsu sun ƙulla yarjejeniyar mulkin kai a 1998, suna da cibiyar al'adu mai suna Dänojà Zho a bakin kogi, kuma a 2023 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya da sunan Tr'ondëk-Klondike, bisa labarin abin da ya same su da yadda suka jure. Duk da haka, a jadawalin kamfanin wannan cibiya tana cikin abubuwan da baƙo zai je da kansa idan ya ga dama. Ni da yayana mun je, wata matashiya 'yar al'ummar ta zagaya da mu, ta nuna mana tarkon kifi da kayan fata masu ado da duwatsun kwalliya, ta yi magana a kan makarantun kwana da aka riƙa raba yara da iyayensu da harshensu, cikin natsuwa ba tare da ɗaga murya ba. Yawancin abokan tafiyarmu ba su je ba domin ba a nuna musu muhimmancinsa ba. Lokacin da aka ɓata a shagunan Skagway ya isa a ba wannan cibiya haƙƙinta.

Shirin dare na kamfanin bai dace da irinmu ba, domin gidan caca ne mai raye-raye da kuma mashaya, kuma an riga an sa kuɗin shigarsu cikin farashi ba tare da wani zaɓi ba. Mun maye gurbinsu da hawa tudun Midnight Dome, inda ake hango garin da kogunan biyu, ruwan Klondike mai duhu da tsabta yana tafiya gefe guda da na Yukon mai laka kafin su gauraya. Batun abinci kuma sai da lura, domin karin kumallon otal ba ya rabuwa da naman alade, amma ana samun ƙwai da burodi da 'ya'yan itace, kifin yankin kuma yana da daɗi ƙwarai. Wanda ya saba da yaji ya tafi da nasa. Salla ita ce ta fi buƙatar shiri: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Dawson sai bayan sha biyun dare, ta sake fitowa bayan kimanin sa'a uku, kuma duhu ba ya shiga ko kaɗan, saboda haka alamomin Isha da Asuba da muka sani ba sa bayyana. Na tambayi malamina a Tudun Wada kafin tafiya, ya yi mini bayanin ƙasaru da haɗa salloli ga matafiyi da yadda ake ƙiyasta lokaci da gari mafi kusa da dare ke shiga, kuma ina ba kowa shawarar ya yi irin wannan tambaya tun yana gida. Akwai masallaci a Whitehorse da aka buɗe a 2018. Ɗan jagoranmu bai taɓa nuna ƙosawa ba idan muka nemi ya ɗan jira mu yi salla a gefen hanya.

Ana gudanar da rangadin ne daga tsakiyar Mayu zuwa Satumba kawai. Ko a lokacin zafin nasu safiya tana da sanyi irin na tsakiyar hunturunmu, don haka a tafi da rigar sanyi da ta ruwa da takalmi mai kauri, da maganin sauro domin sauron dajin yana da yawa, ko da yake ba ya ɗauke da zazzaɓin cizon sauro. Yukon tana bayan Nijeriya da sa'a takwas, Skagway kuma da tara, kuma a dogayen sassan hanya waya ba ta samun sabis, saboda haka a sanar da iyali kada hankalinsu ya tashi. Kafin a biya kuɗi a nemi kamfanin ya rubuto ko cibiyar Dänojà Zho da shiga cikin injin haƙa suna cikin jadawali, da ko za a iya cire kuɗin shirin dare. A tambaya kuma yadda za a dawo daga Dawson, domin namu tsarin ya sake bin hanyar nan ta kilomita 530 a bas, alhali akwai jirgin sama da ke zuwa Whitehorse cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna, kuma ga wanda zai tafi da mahaifi ko mahaifiya ƙarin kuɗin jirgin ya fi sauƙi a kan wani yinin a mota.